Lambun Gayya: A Yi Shuka Tun Ruwa Bai Sauka Ba

Jawabin da kwamitin lambu ya gabatar a taron ƙungiya na farkon shekara, a Sabo, Badun



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu da limamanmu, shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke saurare daga can baya, samari da 'yan makaranta, muna yi wa kowa barka da zuwa. Mun gode da aka ba mu wannan ɗan lokaci, kuma ba za mu cinye shi a gaisuwa ba, domin maganar da ke tafe da mu magana ce mai wa'adi.

Maganar lambun gayya ce. Kowa a nan ya san filin, ko da bai taɓa taka shi ba. Wani dattijo Bayarabe, wanda muka daɗe muna hulɗar kasuwa da shi, shi ne ya ba ƙungiya aronsa ba tare da ya nemi ko sisin kwabo ba, sharaɗinsa kawai kada a bar masa wuri ya zama daji. To, bara mun bar shi ya zama daji. Da damina ta yi nisa ciyawa ta fi mutum tsawo, maƙwabta suka fara kukan macizai, 'ya'yansa kuma suka ce gara a yanka wurin a sayar wa masu gini. Da muka je ba shi haƙuri ya karɓe mu da mutunci, amma ya gaya mana gaskiya: bana ce ta ƙarshe. In ya ga aiki, fili yana nan. In bai gani ba, kada mu ga laifinsa. Wallahi ba mu ga laifinsa ba, namu muka gani.

Saboda haka muka zauna muka duba inda muka kuskure, muka tambayi manoman rani na cikinmu, muka tambayi matan Yarabawa masu noman ganye a gefen gari. Abin da muka fahimta abu ɗaya ne: lambu a ƙasar nan ana cin nasararsa ne tun ruwa bai sauka ba, watau daga watan Janairu zuwa Maris. Wanda ya jira damina, ya makara.

Kafin mu shiga bayanin aikin, bari mu amsa tambayar da wasu suka yi mana a kasuwa. Sun ce, mu da ke sauke motocin kayan gwari kullum, me ya kai mu wahalar lambu? Tambaya ce mai kyau. Tun 1916 da aka kafa Sabo kakanninmu fatauci suka sani, goro ya tafi Arewa, shanu su zo Kudu, daga baya aka ƙara da tumatir da albasa da attaruhu. Ba mu ce a bar wannan ba, da shi muke ci muke sha. Amma mu tuna abin da idonmu ya gani. A 2016 ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kamfanin tumatir na Kadawa ya tsayar da aiki saboda rashin abin da zai niƙa. A shekarar nan mu masu sayar da tumatir, a gidajenmu ba a sa shi a miya. A Fabrairun 2021 aka yi rikicin kasuwar Shasha, Allah kada ya maimaita mana, bayansa kuma aka tsayar da motocin abinci daga Arewa kamar mako guda. Tumatir yana ruɓewa a can don rashin mai saye, nan kuwa ana nemansa ido rufe. Sa'an nan daga watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin mai, kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama daga Kwanar Gafan ko Danja zuwa nan.

Lambunmu ba zai ciyar da Sabo ba, ba ma yaudarar kanmu. Amma zai iya sa ganye a tukunyar marayu da zawarawan da ƙungiya ke kula da su, zai iya koya wa yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, inda abinci ke fitowa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu ga inda muka kuskure bara, kuma kuskure uku ne.

Na farko, mun zo da lissafin gida muka ɗora wa ƙasar da ba tamu ba. A Kano ko Katsina ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, wata huɗu ke nan ko da ɗan ɗoriya. Nan Badun kuwa yakan fara tun Maris, ya zauna a Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba har Oktoba. Mu kuwa sai muka zauna muna cewa bari ruwa ya sauka tukuna. Ba mu yafa irin tumatir ba sai a Afrilu, muka yi dashe a Mayu, ya zo yana fure daidai lokacin da sama ba ta ɗagawa. Tumatir ba ya son ruwa a ka. Ganye ya yi baƙi, fure ya zube, abin da ya rage ya ruɓe a ƙasa.

Na biyu, fangali muka yi irin na fadamar gida. A Arewa mai noman rani yana haƙa fangali ya yi masa baki domin ya riƙe ruwa, tunda ruwa ne abin tattali. Nan kuwa da zarar damina ta kankama, ruwa korarsa ake yi. Mu da muka san abin da Ogunpa ta yi a Agustan 1980 da kuma ambaliyar Agustan 2011, bai kamata a koya mana ƙarfin ruwan garin nan ba. Fangalinmu ya zama kududdufi, saiwa ta shaƙe, shuka ta mutu a tsaye.

Na uku, kuma shi ne mafi ciwo, rashin cika alkawari. Ran da aka buɗe lambu an yi taro, an ɗauki hoto, kowa ya rubuta suna. Bayan sati uku mutum huɗu suka rage. Akwai lokacin da aka yi biki a unguwa, kwana uku ba wanda ya leƙa, wannan yana zaton wancan ya je. Da aka je aka tarar ƙyaure a buɗe, abin da rana ta bari awaki sun ƙarasa. Ba mu faɗi wannan don mu kunyata kowa ba, mu kanmu 'yan kwamiti muna cikin masu laifin.

To, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga tsarin da muka kawo wa taro na bana.

Aikin farko shi ne gyaran ƙasa, kuma a cikin sati biyun nan za a gama shi. Za a sare ciyawa, amma kada a ƙone ta, a tara ta gefe ta bushe, akwai amfanin da za ta yi mana. Maimakon fangali za a ɗaga kunya mai faɗi, tsayinta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, faɗinta kada ya wuce mita ɗaya, yadda mutum zai tsaya a gefe hannunsa ya kai tsakiya ba tare da ya taka ba. Tsakanin kunya da kunya a bar hanya, ita ce za ta zama magudana idan ruwa ya sauka. Yanzu da ake rani sai a ɗan yi wa saman kunyar baki don kada ruwan buta ya gangare, da damina ta zo a baje bakin.

Taki ba mu da matsalarsa. 'Yan'uwanmu na kara da masu sayar da raguna sun ce a zo a kwasa kyauta. Abin lura shi ne a ɗebo wanda ya kwana biyu, ya huce, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙone saiwa yake yi. A cakuɗa shi da ƙasa, a ba shi ruwa, a bar shi sati biyu kafin a sa iri.

Aiki na biyu shi ne renon iri, kuma nan ne wa'adin yake. Tumatir yana bukatar kamar sati huɗu a wurin reno kafin a dasa shi, attaruhu da tattasai kuwa sukan kai sati shida. Idan muka yafa irin tumatir kafin ƙarshen Janairu, za mu yi dashe wajen ƙarshen Fabrairu, ya yi girmansa da ruwan buta, ya yi fure lokacin da ruwan farko ya fara sanyaya gari, mu fara tsinka a watan Mayu. 'Yan gwari da ke nan ku gaya wa jama'a, wane lokaci ne tumatir ke tsada? Daga Mayu ne zuwa Yuli, lokacin da na rani ya ƙare a Arewa saboda zafi, na damina kuma bai iso ba. Ashe ke nan wanda ya yi sammako da wata uku, kayansa za su nuna a daidai ranar da kasuwa ke nemansu. Tun ran gini, ran zane.

Wurin reno ba ya son girma, kunya biyu sun isa. A tankaɗe ƙasar ta yi laushi, a ja layi da ɗan yatsa, a zuba iri ba da zurfi ba, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Da zarar ya tsiro a ɗauke ciyawar, a kafa 'yar rumfa da ganyen kwakwa don ta tare zafin rana. Ban-ruwa safe da yamma, da buta mai rariya a baki, ba da bokiti ba, don kada a tone iri. Saura sati ɗaya a yi dashe sai a rage ganyen rumfa, a rage ruwa, domin shukar ta saba da wahala tun tana gida. Dashe da yamma ake yinsa, bayan la'asar, a ciro da ƙasarsa a jikin saiwa, a bar kamar kamu ɗaya tsakanin wannan da wancan, a ba shi ruwa nan take. Sa'an nan a dawo da busasshiyar ciyawar nan a rufe gindinsa, ita ce za ta riƙe danshi a zafin Fabrairu da Maris, waɗanda su ne watannin da suka fi zafi a garin nan. Idan ya tasa a kafa masa gora a ɗaure shi, kada ɗansa ya taɓa ƙasa.

Akwai gargaɗi a kan tumatir. Kunyoyin da ya mutu a kansu bara, kada a mayar da shi wurin, kada kuma a sa attaruhu ko gauta, domin dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Akwai cutar da ke zaune a ƙasa mai danshi irin ta Kudu, za ka ga shuka kore shar da safe, da rana ta yanƙwane kamar an zuba mata ruwan zafi. Gwajinta ba wuya: a yanke karan, a tsoma bakin a kofin gilashi mai ruwa garau, in aka ga wani farin abu yana tsiyayowa kamar zare, to ita ce. Ba ta da maganin fesawa, sai dai a tuge a fitar da shi daga lambu. A waɗannan kunyoyin bana ganye za mu sa. Game da iri kuma, ba sai mun je nesa ba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wadda ake kira NIHORT, tana nan Idi-Ishin tun 1975, mun daɗe muna wucewa ta ƙofarta. Kwamiti zai tura mutum biyu su nemi shawara a kan irin da ke jure ƙasar nan, maimakon mu matse ruɓaɓɓen tumatir na ƙasan kwando mu ce mun sami iri.

Aiki na uku shi ne ganye, kuma shi ne zai fara faranta mana rai. Alayyafo, wanda maƙwabtanmu ke kira tete, sati huɗu zuwa biyar ya isa yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi kafin a yafa don kada ya taru wuri ɗaya. Kada a shuka shi duka rana ɗaya, a riƙa buɗe sabuwar kunya duk bayan sati biyu, ta haka ba za a rasa na yanka ba. Lalo kuwa, watau ewedu, bara mun yafa shi ya ƙi fitowa, muka ce an sayar mana da mataccen iri. Sai wata tsohuwa mai lambu kusa da mu ta yi dariya, ta nuna mana sirrin: a ƙulle irin a ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke daga wuta na 'yan daƙiƙu kaɗan, a ciro a shanya a inuwa, sa'an nan a yafa. Ɓawonsa ne ke da tauri. Kun ga amfanin zama lafiya da maƙwabci. Kuɓewa ba ta son dashe, a jiƙa irin ya kwana, a sa biyu-biyu a rami, cikin sati bakwai ko takwas a fara tsinka. Idan aka shuka ta tsakiyar Fabrairu, a Afrilu ana miyar ɗanyar kuɓewa. Yakuwa da rama a jera su a gefe, zogale kuma a kafa rassansa a jikin shinge da zarar ruwa ya fara.

Abin da ba za mu ɓata ƙarfi a kansa ba bana shi ne albasa mai kai, da karas, da kabeji, da latas. Waɗannan sanyin hunturu suke so, lokacinsu ya kusa wucewa, kuma albasa ba ta yin kai sosai a danshin Kudu. A bar wa mutanen Aliero abinsu. In dai lawashi ake so, wannan za a iya.

Sai maganar ruwan farko. Jama'a, kada ya yaudare mu. Sau da yawa za a yi ruwa mai ƙarfi a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kowa ya ce damina ta sauka, a ajiye buta, sa'an nan sama ta ɗauke sati biyu ko uku. A wannan tsakanin ne shuka ke mutuwa. Ba za a daina ban-ruwa ba sai kwamiti ya sanar. Ruwan kuma na rijiyar lambu ne kaɗai. Kada wanda ya ɗebo na kwata ko na rafin da ake zubar da shara don ya huta da jan guga, ganyen nan 'ya'yanmu ne za su ci, kuma mun san yadda amai da gudawa ke shiga unguwa. Rijiyar takan ja baya a Maris, don haka a riƙa cika durom tun da asuba lokacin da ta taru. Haka nan maganin ƙwari: an hana kowa kawo irin na kashe sauro da kyankyaso ya fesa wa ganye. In an ga tsutsa ko ɗan ƙwaro a fara da tsincewa da hannu, da toka, da ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da ya kwana. In abin ya fi ƙarfin haka a gaya wa kwamiti.

Yanzu mun zo kan gaɓar da ta fi kowace. Duk abin da muka lissafa, wata biyu da rabi na ban-ruwa ne ke ɗauke da shi, safe da yamma, ba fashi. Kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa cikin wannan lokaci. A 2024 an ɗauki azumi ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris, haka yake matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Jan guga da azumi a baki cikin zafin nan ba wasa ba ne, shi ya sa ba ma son a ɗora wa mutum huɗu kamar bara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lissafin ba shi da wuya. Kwana bakwai, safe da yamma, zuwa goma sha huɗu ke nan a sati. In kowane zuwa mutum biyu ne, muna bukatar mutum 28, kowa sau ɗaya tak a sati, aikin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Masu fita kasuwa da sassafe su ɗauki yamma, masu shago da ke buɗewa da hantsi su ɗauki bayan asuba. Wanda uzuri ya kama shi, shi zai nemo madadinsa, ba kwamiti ba. Akwai littafi a lambu, kowa ya zo ya sa hannu, ya rubuta abin da ya gani, ya rufe ƙyaure da kyau. Malaman Islamiyya sun yarda su riƙa kawo manyan ɗalibai ranar Alhamis da Juma'a da safe don cire ciyawa. Iyayenmu mata da ba sa fita, ba a bar ku a baya ba: za a ba duk gidan da ke so ragowar dashe, a cika buhu da ƙasa da taki, a huda gindinsa, a ajiye a tsakar gida inda rana ke samu. Attaruhu da alayyafo suna yi a buhu ƙwarai.

Rabon amfani kuma mun rubuta shi tun yanzu don kada a yi gardama daga baya. Kwandon farko na mai fili ne, za mu kai masa har gida. Abin da ya biyo baya a kasa uku: kashi ɗaya na masu ban-ruwa gwargwadon sa hannunsu a littafi, kashi ɗaya na gidajen marayu da zawarawa da marasa lafiya, kashi ɗaya a sayar a ajiye kuɗin a hannun ma'aji don iri da gyaran shinge na baɗi. Wanda ba zai iya ba da ƙarfinsa ba, muna bukatar buta huɗu, da igiyar guga, da manjagara, da baro, da wayar shinge. Dattawa kuma muna roƙon ku riƙa leƙowa ko da ba za ku ɗaga komai ba, yawancinku a gona kuka tashi, idonku kaɗai makaranta ne ga yaran nan.

'Yan'uwa, a ƙasar mutane muke zaune, kuma abin da ya riƙe mu a nan fiye da shekara ɗari shi ne an san Bahaushe da amana. Ana ba mu kaya bashi a kan kalmar baki. Wannan dattijo ma a kan kalmar baki ya ba mu filinsa. In muka sake barinsa ya zama daji, fili ne zai tafi, kuma gobe in ƙungiya ta je neman wani abu wurin mutanen gari, za a tuna.

Takardar suna tana kan teburin sakatare a bakin ƙofa. Muna roƙon kada wanda ya rubuta suna don kunyar ido, a rubuta ranar da aka san za a iya. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar asuba za a haɗu a ƙofar masallaci, kowa da addarsa ko fartanyarsa, akwai motar da za ta kai mu. Shayi da burodi suna kan kwamiti.

Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya ba mu damina mai lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wanda muka ɓata wa a cikin magana ya yafe mana.